Koriyar Kwalba da Zumuncin Dole

Duk wanda ya taɓa raba dare yana kallon fim ɗin Koriya ya san wannan wurin. An tashi daga ofis, duhu ya shiga, ma'aikata sun kewaye teburi mai kaskon gashi a tsakiya, nama yana ƙauri, ga korayen kwalabe sun yi sahu. Shugaba ya ɗaga kofi, kowa ya ɗaga. Kafin a kai ƙarshen shirin, yaron da aka tsangwama da safe ya zama ɗan gida, wadda ta daɗe da damuwa a rai ta amayar da ita, wani kuma ya goya wata zuwa gida ana kiɗa mai taushi. Tun zamanin da Jumong ya hana gidajenmu barci muke kallon mutanen nan, kuma koriyar kwalbar nan ta fi kowane jarumi yawan fitowa.

A wurinmu masu rubuta manhaja, Koriya ta Kudu tana da wata daraja ta biyu. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙi a 1953 tana cikin matalautan duniya, yau ga wayarta a aljihunmu, ga motocinta a titunanmu. Don haka duk sanda hira ta biyo ta kanta, sai ka ji wani ya ce sirrin mutanen nan haɗin kai ne: shugaba da yaronsa suna ci tare, suna sha tare, su kwana tare kan aiki. Har yakan ƙara da cewa mu ma a cire giyar a sa shayi, a yi irinsa. Wani kuma sai ya yarfe hannu ya ce shan giya ne kawai, Allah ya tsare mu, a wuce wurin.

Duk su biyun sun kuskure. Hukuncin giya a wurin Musulmi ba ya buƙatar muhawara, kuma ba shi ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin da muke cewa shi ne, zaman da ake yi a kan teburin nan aiki ne. Zango ne na biyu bayan na rana, wanda ba a biyan kowa ladansa, kuma na ƙasa ne yake biya da darensa da hantarsa. An dai yi masa kwalliya da sunan zumunci.

Sunan zaman hweshik, wato cin abinci tare na 'yan ma'aikata ɗaya. Yana da matakai, kuma har suna gare su: zagaye na ɗaya, na biyu, na uku. Na ɗaya a gidan gashin nama, da soju. Na biyu a mashaya. Na uku sau da yawa a ɗakin waƙa da suke kira norebang, inda kowa zai karɓi makirufo ya rera ko yana so ko ba ya so. Kwalbar soju mililita 360 ce, tana cika ƙaramin kofi kusan bakwai, kuma a shago kuɗinta bai kai na kofin gahawa ba. Idan aka ga abin yana tafiyar hawainiya sai a haɗa ta da giyar sha'ir, ko a jefa ƙaramin kofi cikin babba a shanye a tashi ɗaya. Wannan haɗin da bakinsu suka sa masa suna poktanju, giyar bam.

Sai ladubban. Ba ka zuba wa kanka, sai dai a zuba maka. Idan babba ne zai zuba, da hannu biyu za ka tara kofin. Idan kai ne za ka zuba masa, nan ma hannu biyu. Idan za ka kai baki, sai ka kau da fuska gefe don kada ka sha a idonsa. Kofinsa bai kamata ya zauna babu komai ba. Mu da muka tashi muna durƙusa wa manya, muna karɓar abu da hannu biyu, waɗannan abubuwa suna burge mu, domin sun yi kama da tarbiyyar gida. Amma a tsaya a duba abin da suke haifarwa idan aka haɗa su. Tunda ba kai kake zuba wa kanka ba, ba kai kake yanke yawan abin da za ka sha ba. Tunda mayar da hannun babba rashin kunya ne, babu ƙofar cewa a'a. Tunda tashi kafin shugaba abin magana ne, ba kai kake yanke lokacin komawa gida ba. Kowace ƙa'ida ita kaɗai ladabi ce. Idan suka taru sai su zama tarko.

Masu kare abin suna da hujjoji, kuma ba za mu yi musu ƙaryar cewa ba su da su ba.

Ta farko, wai al'ada ce ta kaka da kakanni, baƙo ba shi da bakin magana. Gaskiya ne soju tsohuwa ce. Fasahar tace barasa ta shigo Koriya ne tare da mayaƙan Mongol a ƙarni na 13, kuma har yau a garin Andong ana yin ta gargajiya da shinkafa. Amma wadda take cikin koriyar kwalba ba ita ba ce. A 1965 gwamnatin Park Chung-hee, janar ɗin da ya karɓi mulki a juyin 1961, ta hana yin barasa da shinkafa saboda ƙarancin abinci. Sai masana'antu suka koma tace tsantsar barasa daga dankali da rogo, su tsarma ta da ruwa, su sa mata zaƙi. Abin da ya fito mai arha ne, mai saurin bugarwa, daidai da buƙatar ƙasar da take kwasar matasa daga ƙauye tana zuba su a masana'antu, suna aiki tun safe har dare. Haka kamfanonin zamanin suka ginu da tsarin bariki, a ƙasar da kusan duk namiji mai lafiya sai ya yi aikin soja na dole. Wanda ya koyi cewa "to, ranka ya daɗe" a bariki, ya zo ofis ya tarar da irin sahun nan, da dare kuma ya same shi a kan teburi. Soju ta yau 'yar mulkin soji ce. Abin da ake kira gadon kakanni, yawancinsa bai girmi iyayenmu ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Suna cewa a ƙasar da harshe kansa yake da matakan girmamawa, inda shekara ɗaya tak tsakaninka da mutum take canza yadda za ka yi masa magana, teburin giya ne kaɗai wurin da ƙarami zai iya gaya wa babba gaskiya. Mun yarda hakan yana faruwa. Amma a saurari abin da hujjar take faɗa da kanta: ofishin nan ya lalace har ta kai ba a iya faɗin gaskiya a cikinsa sai hankali ya gushe. A sana'armu mun san irin wannan gyara. Ita ce kwamfutar da take sandarewa kullum da yamma, maimakon a nemo abin da ya lalace sai a sa yaro ya riƙa kashe ta yana kunnawa. Faci ne, kuma faci a kan faci ba ya zama sabuwar taya. Ƙari a kan haka, gaskiyar da aka faɗa cikin maye ba ta da shaida. Idan ta yi wa shugaba daɗi, ya tuna. Idan ba ta yi ba, giya ce ta yi magana. Idan kuma shi ne ya zagi wani ko ya kai hannu inda bai dace ba, nan ma giya ce. Ƙofar da aka ce an buɗe wa na ƙasa, na sama ne yake riƙe da makullinta.

Hujja ta uku, wai ba a tilasta wa kowa, gayyata ce. Duk mai tsara manhaja ya san ƙarfin abin da aka saita tun farko. Ka sa maɓallin "na yarda" babba a tsakiyar fuska, ka ɓoye na "ban yarda ba" a can ƙasa da ƙananan haruffa, sannan ka fito ka ce mutane da kansu suka zaɓa. Gayyatar da ta fito daga wanda yake rubuta rahoton ƙarin girmanka ba irin ta abokin unguwa ba ce. A teburin nan ake jin labarin aikin da zai zo, a nan ake sanin wanda shugaba yake ji da shi, a nan ake zama na ciki. Wanda bai zo ba, ba a hukunta shi a takarda. Ana dai mantawa da shi ranar rabo. Dole ƙanwar na ƙi ce, kuma a nan har yayarta ba ta da ta cewa.

Ba mu muka ƙirƙiri wannan zargi ba. Kotun Koriya ce ta tabbatar da shi, kuma shari'ar daga gidanmu ta fito, daga sana'ar kwamfuta. A 2007 babbar kotun Seoul ta yanke hukunci kan ƙarar wata ma'aikaciyar kamfanin wasannin intanet. Shugaban sashenta ya riƙa tilasta mata sha, yana tsare ta a zaman dare, alhali ta faɗa cewa jikinta ba ya ɗauka. Ta ajiye aikin, ta kai ƙara. Kotu ta ce tilasta wa mutum shan giya tauye mutuncinsa ne, ta umarce shi ya biya ta won miliyan 30. A lura da inda abin ya faru. Ba a tsohuwar masana'antar ƙarfe ba, a kamfanin matasa masu zuwa aiki da riga mai gajeren hannu, irin wanda muke mafarkin kafawa. Sabuwar fasaha ba ta wanke tsohon hali. Wani lokaci ma sai ta ba shi sabuwar riga.

Wurin da munafuncin ya fi fitowa fili shi ne lissafin awoyi. A 2018 Koriya ta fara aiwatar da dokar da ta taƙaita aikin mako zuwa awa 52, domin ma'aikatanta suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a wurin aiki a ƙasashe masu arziki. Da aka tambayi matsayin hweshik, ma'aikatar ƙwadago ta ce ba ya cikin lokacin aiki. Amma kotunan ƙasar sun sha yanke hukuncin cewa wanda ya ji rauni ko ya rasu sakamakon zaman da kamfani ya shirya, hatsarin aiki ne ya same shi, a biya iyalinsa diyya. Wato ranar biyan albashi, shaƙatawa ka je. Ranar da aka ɗauko gawarka, a bakin aiki ka mutu. Abu ɗaya ba zai zama wasa ga mai rai kuma aiki ga mamaci ba. Ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ƙarya ce, kuma mun san wadda take ceton kuɗin kamfani.

Sai a zo kan waɗanda suke biyan farashin. Na farko jiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen gabashin Asiya an haife su da raunin sinadarin da yake narkar da gubar da barasa take zama a cikin jiki. Su ne waɗanda fuskarsu take yin ja da kofi ɗaya, zuciya ta riƙa bugawa. Likitoci sun nuna cewa irin waɗannan idan suka dage da sha, haɗarin sankarar maƙoshi yana ƙaruwa a kansu sosai. Jan fuskar nan gargaɗi ne daga jiki. A kan teburi kuwa abin dariya ne, a ce yaro bai saba ba, a ƙara masa ya saba. Tun kafin a kai ofis ma ake fara horon, a tarukan tarbar sababbin ɗalibai a jami'a, inda aka sha samun matasan da suka rasu saboda barasar da manyansu suka ɗura musu.

Na biyu mata. Wadda take da yaro a gida ba za ta iya kai wa zagaye na uku ba, don haka ba ta wurin lokacin da ake ƙulla abin da ake ƙullawa. Wadda ta zauna kuma, ga tsohon halin nan na a ce ta matso kusa da shugaba ta zuba masa. Ta tafi ta yi asara, ta zauna ta shiga haɗari. Haka shi ma Kiristan Koriya da cocinsa ta hana shi sha, domin majami'un Furotesta na ƙasar sun daɗe da wannan matsayi. Haka mai ciwon hanta, haka baƙon Musulmi da ya je karatu ko aiki. Duk tsarin da ya mai da kofi tikitin shiga, ya riga ya zaɓi waɗanda za su tsaya a waje.

Na uku wanda bai ma san ana zaman ba. A Satumbar 2018, a birnin Busan, wani direba a buge ya kaɗe wani matashin soja da ya zo hutu, Yoon Chang-ho. Ya rasu a Nuwamba. Abokansa suka tashi tsaye har majalisa ta yi dokar da ake kira da sunansa, aka tsananta hukunci, aka kuma rage adadin barasar da aka yarda a samu a jinin direba daga kashi 0.05 zuwa 0.03. Kafin wannan, ƙasar ta daɗe tana yi wa maye kallon uzuri. Shari'ar Cho Doo-soon, wanda ya yi wa yarinya 'yar shekara takwas mummunan ta'asa a 2008, har yau tana ci wa mutanen Koriya rai, domin kotu ta sassauta masa zuwa shekara 12 bisa dalilin cewa a buge yake. Al'ummar da take koya wa mutum cewa shan da ya wuce kima biyayya ce, ba abin mamaki ba ne ta wayi gari tana yafe wa mai maye abin da ba za ta yafe wa mai hankali ba.

Kuma akwai masu cin riba. Jinro, sojun kamfanin HiteJinro, ta shafe shekaru tana kan gaba a duniya wajen yawan ciniki a cikin barasa mai ƙarfi. Ƙarfin soju ya sauko daga kashi 25 na da zuwa wajen 16 ko 17, ana tallarta da fuskokin fitattun mawaƙa mata, domin a jawo waɗanda da ba sa sha. Kasuwa guda ta tsiro don gyara ɓarnar daren jiya: ga ƙananan kwalaben maganin tashi daga maye a kowane shago, ga miyar safe da suke kira hejangguk, ga direbobin haya da za ka kira su tuƙa motarka su kai ka gida. Wani zai ce wannan tsari ne mai kyau. Mu abin da muka gani shi ne gari ya gina asibiti a gindin rami maimakon ya cike ramin.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda 'yan'uwanmu suka fi so: ai ga sakamako, ga Samsung, ga Hyundai. Ɗalibin shekarar farko ma ya san cewa abubuwa biyu su faru tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Koriya ta tashi ne da makaranta, da rabon filayen noma, da fitar da kaya waje, da gumin ma'aikatan da aka matse. Babu wanda ya taɓa nuna cewa ciwon kan safiya yana ƙara ingancin aiki. Mu da muke wannan sana'a mun san abin da barcin awa huɗu yake yi wa tunani. Kuskuren da gajiyayye ya shuka cikin minti biyar, sai mutum uku su yi mako suna nemansa.

Mafi ƙarfin shaida kuwa ita ce mutanen Koriya da kansu suna janye jiki. Wasu manyan kamfanoni sun fito da ƙa'idar 119: nau'in giya ɗaya, wuri ɗaya, a tashi kafin ƙarfe tara. Lambar kiran agajin gaggawa ce a ƙasar, kuma zaɓenta ya isa bayani. A Yulin 2019 dokar hana cin zalin na ƙasa a wurin aiki ta fara aiki. Suna da kalma ta musamman, gapjil, ga wulaƙancin da mai iko yake yi wa wanda yake ƙarƙashinsa, kuma tilasta sha yana ciki. Da annobar korona ta sa aka riƙa rufe gidajen abinci da wuri, matasan ma'aikata da yawa sun ɗanɗana daɗin komawa gida da hankalinsu, ba su kuma so a koma gidan jiya ba. Yanzu a wurare da dama an mayar da zaman cin abincin rana. Waɗanda suka gaji abin suna neman hanyar fita, mu da muke kallo ta gilashin waya muna yaba kyan ɗakin.

A nan ne maganar ta dawo kanmu, kuma kada mu yi saurin wanke hannu don babu kwalba a teburinmu. Laifi tudu ne. Cire giyar ka sa shayi, abin da ya rage shi ne ainihin cutar: lokacinka bayan tashi ba naka ba ne. Mun san majalisar oga da ake zama har sha ɗayan dare ana dariyar labarin da aka ji sau goma. Mun san saƙon WhatsApp na tsakar dare da ake duba wa ya karanta bai amsa ba. Mun san ƙananan kamfanonin fasaha da suke buɗe baki da "mu nan 'yan gida ɗaya ne", maganar da fassararta ita ce babu kuɗin ƙarin lokaci. Mun san yadda ake ɗauko "bin na gaba bin Allah" a rufe bakin yaro da ita. Mun kuma san 'yar'uwarmu da ta fi kowa iya aiki a sashen, amma tunda ba za ta zauna a majalisar maza bayan isha'i ba, ba a tuna da ita ranar da za a tura wani horo.

Ba muna cewa abokan aiki kada su ci abinci tare ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda kuka ci tuwo a kwano ɗaya ya fi sauƙin yi wa uzuri. Amma akwai gwaji mai sauƙi da za a yi wa kowane irin zama, a Seoul ne ko a Kano: mafi ƙanƙanta a wurin zai iya cewa "yau ba zan samu zuwa ba", gobe ya shigo ofis bai rasa komai ba? Idan zai iya, zumunci ne. Idan ba zai iya ba, aiki ne, a rubuta awoyinsa a biya shi, ko a sallame shi ya tafi wurin iyalinsa.

Da yawanmu mun kai shekarun da ake fara ba mu yara a ƙarƙashinmu. Jiya mu ne masu tara kofi da hannu biyu, yau tulun yana hannunmu. Idan akwai abin da za a faɗa wa yaro, a faɗa masa da rana, a ofis, kowa da hankalinsa. Idan akwai abin da yake son faɗa mana, mu gyara halinmu har ya iya faɗa ba tare da an gusar masa da tsoro da wani abu ba. Idan lokacin tashi ya yi kuma, mu fara tashi, domin ba zai motsa ba sai ya ga mun ɗauki jaka.